Da muguwar rawa gwamma ƙin tashi: zare kan motar da ke tashi yau, gobe ta ƙiya

1/ Zaren yau na direbobi ne da masu motoci da makanikai, musamman namu na gabashin Sakkwato. Maganata ɗaya ce: a irin hanyoyinmu, motar da ke tashi yau ta ƙi gobe ta fi wadda ta mutu murus hatsari. Kuma yadda muke neman ciwonta da canke, a canja wannan a canja wancan, shi ke sa ciwon ya daɗe. Zai ɗan yi tsawo, ku yi haƙuri ku biyo ni.

2/ Ni mutumin Unguwar Lalle ne, ƙaramar hukumar Sabon Birni. Wayarin mota na koya a Sakkwato, da shi nake ci da shi nake sha. Motocin da ke zuwa hannuna su ne waɗanda kuka sani: Golf, Sharon, Hiace, tsofaffin Corolla da Carina, sai Honda jefi-jefi. Da yawansu sun girmi yaran da ke tuƙa su.

3/ Motar da ta mutu gaba ɗaya tana gida ko tana gareji, ba ta cutar da kowa sai aljihun mai ita. Wadda ke tashi in ta ga dama kuwa, ita ce ke yin lodi, ta kwashi mata da yara da buhunan gero, ta shiga daji. A tsaya a sauke mutum ɗaya, ko ta mutu a cikin rairayi, a murɗa makulli, shiru. Nan ne ake gane bambancin. Shi ya sa na ce da muguwar rawa gwamma ƙin tashi.

4/ A wani gari wannan ɓata lokaci ne kawai, ka kira makanikenka ya hau babur ya zo. Mu kuwa mun san hanyarmu. A Disambar 2021 'yan bindiga suka ƙone mota da fasinjojinta kusa da Gidan Bawa, hanyar Sabon Birni zuwa Isa, 'yan sanda suka tabbatar da mutuwar mutum 23. A Yulin 2024 aka ɗauke Sarkin Gobir na Gatawa, Alhaji Isa Bawa, a Kwanar Maharba, aka kashe shi a watan Agusta. Allah ya jiƙansu baki ɗaya.

5/ Ba lalacewar mota ce ta jawo waɗannan ba, kar wani ya juya min magana. Na kawo su ne don a tuna irin hanyar da muke magana a kai. Hanyar da mota mai lafiya ma sai da addu'a, ina ga wadda sai an tara mutum huɗu sun tura? Kuma kar a manta, a Satumbar 2021 an rufe layukan waya a ƙananan hukumomi 14 na jihar nan, har da Sabon Birni da Isa. Wanda motarsa ta ƙi tashi a lokacin, wa zai kira?

6/ To mu shiga cikin aikin. Abin da ke sa wannan ciwo wuya shi ne ba ya zuwa gareji. Direba zai shigo da ita da ƙafarta, ya ce, "Maigida, wagga mota jiya ta ƙiya, sai da munka tura." In murɗa makulli, ta tashi tar kamar sabuwa. In kashe in sake sau goma, ta tashi sau goma. Ciwon yana can ya kwanta, sai an koma daji ya farka.

7/ Don haka shaidan farko a wannan shari'a direba ne, ba makanike ba. Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo. Amma yawancin direbobinmu abin da suke kawowa kalma uku ce: "ta ƙi tashi." Wannan kamar ka je asibiti ka ce wa likita "ba ni da lafiya" ka yi shiru. "Ta ƙi tashi" gida uku ne, kuma kowane gida da mutanensa.

8/ Gida na ɗaya: ka murɗa makulli, inji bai juya ba. Ko ka ji shiru, ko ƙas guda ɗaya, ko ƙas-ƙas-ƙas da sauri, ko ya juya a hankali kamar mai jin barci.
Gida na biyu: inji na juyawa da ƙarfinsa, amma bai kama ba.
Gida na uku: ta kama, bayan daƙiƙa ɗaya ko biyu ta mutu.
In ka iya gaya min a wane gida take, ka rage min rabin aiki, ka rage wa kanka rabin kuɗi.

9/ Gida na ɗaya duk maganar wuta ce mai nauyi: batir, kan batir, manyan wayoyi, gidan makulli, da kik. Babu ruwan famfon mai, babu ruwan fulogi, babu ruwan nozul. Duk wanda ya ce ka sayo famfon mai alhali injinka ko juyawa ba ya yi, ka ɗauki motarka ka gaishe shi.

10/ Gwajin da ba ya buƙatar ko sifana: lokacin da ta ƙi, kunna fitilun gaba ko ta cikin mota, ka murɗa makulli, wani ya duba maka. In fitila ta dushe ko ta mutu, wutar ce ba ta isa, sai a nemi batir ko kansa ko wayarsa. In fitila ta tsaya da haskenta kuma kik bai motsa ba, wuta na nan, saƙon ne bai kai ba. Sai a nemi gidan makulli, rile, ko kik ɗin kansa.

11/ Kik na jan wuta mai yawan gaske, a ƙaramar motar fetur ma yakan haura amfiya 100. Shi ya sa ɗan datti kaɗan a kan batir, wannan farin garin ko koren da ke taruwa, zai bar rediyo da hon su yi aiki lafiya lau, amma ya hana kik. Yau ramin hanya ya girgiza shi ya zauna daidai, ta tashi. Gobe ya goce, ta ƙi. Ga asalin "wataran e, wataran a'a" ɗin nan a mafi yawan motocin da nake gani.

12/ Bayan ka gwada tayarwa ta ƙi, taɓa kan batir ɗin a hankali. In ɗaya ya yi zafi, ka kama ɓarawonka. Inda wuta ke wucewa da ƙyar, nan ke zafi. Maganinsa a kwance, a kankare har ƙarfe ya yi haske, a ɗaure tam. In ya buɗe baki ba ya ɗauruwa, a canja shi. Kusar da ake bugawa a tsakani, ko guntun gwangwani, dabarar kai mota gida ce. Wasu kuwa shekara guda suke yi da ita.

13/ Sai wayar da kowa ke mantawa da ita, wadda ta haɗa baƙin kan batir da bodi da inji, mu muna ce mata at. Wuta da ta fita sai ta dawo, kuma ta nan take dawowa. A tsohuwar mota za ka same ta ta yi tsatsa, ko rabin gashinta ya tsinke, ko an sauke inji an mayar an ɗaure ta sama-sama.

14/ Akwai wata Sharon da aka kawo min. Mai ita ya sayi batir sau biyu, ya canja kik, har an fara yi masa maganar birenbos. Na ɗauko wayar jan wuta guda ɗaya, na maƙala ta daga baƙin kan batir zuwa jikin inji, na ce murɗa. Ta tashi. Na cire, muka jira ta ƙi, na sake maƙalawa, ta tashi. Wayar at ce. Kuɗin da ya kashe kafin nan ya ninka kuɗin wayar sau da yawa.

15/ Yanzu lambobi, don wanda ke da mita. Batir mai lafiya da ya huta yana nuna bolt 12.6 ko kusa. In ya nuna 12.2, kusan rabi ya rage. Lokacin da kik ke juyawa, kada ya faɗi ƙasa da 9.6. In inji na aiki, altaneta mai kyau tana ba da tsakanin 13.8 da 14.4. Kuma in ka sa mita tsakanin baƙin kan batir da jikin inji ana murɗa makulli, ta nuna sama da rabin bolt, wayar at na cin wuta.

16/ Wannan mitar kuɗinta bai kai na cika tanki sau ɗaya ba. Amma garejin nawa ne a tsakanin Goronyo da Isa ke da ita? Har yau gwajin batir a wurare da yawa shi ne a goga waya a ga tartsatsi. Tartsatsi ba ya gaya maka komai, batir mai rabin rai ma yana yin sa.

17/ Gwajin altaneta kuma wai a zare kan batir inji na aiki, in ba ta mutu ba "caji na yi." Don Allah a daina. A zamanin 504 mai kafireta an sha yi an tsira. Motar injekta mai birenbos kuwa, batir shi ke danne wutar altaneta in ta yi tsalle. Ka zare shi, tsallen ya tafi kai tsaye cikin birenbos. Ka zo da ciwo ɗaya ka koma da biyu.

18/ Batir a ƙasarmu zafi ne ke kashe shi, sanyi ne ke tona masa asiri. Zafin Afrilu da Mayu, da ke haura digiri 40, yana ƙafar da ruwan batir yana cin farantansa a hankali. Sai hunturu ya shigo, safiyar Disamba ko Janairu, man inji ya yi kauri, a nemi batir ya yi aikin gaske ya kasa. Da rana ta ɗaga ta tashi lafiya. Mai irin batir ɗin da ake buɗewa, ya riƙa duba ruwansa tun bazara.

19/ Akwai kuma satar wuta. Wutar NEPA ba abin dogaro ba ce, don haka mota ta zama wurin cajin wayoyin gida duka. Ga rediyo da aka haɗa kai tsaye da batir, ga fitilun ado, ga sifika. In motarka na tashi kullum amma ranar da ta kwana biyu a ajiye sai ta ƙi, wani abu na shan wuta tana barci. Zare baƙin kan batir in za ka ajiye ta. In matsalar ta ɓace, ka san inda za a nema.

20/ Sai kik. Kun san dabarar nan ta a buga masa sifana wani na murɗa makulli, sai ya juya. Yana aiki ne saboda burushin ciki ya cinye, ko tagullar da ke haɗa wuta a cikin solonoyid ta ƙone, bugun ya sa suka taɓa juna na ɗan lokaci. Bugun shaida ce, ka gaya wa makanike. A kik ɗin Toyota da yawa, tagullar nan kaɗai ake canjawa, ba sai an sayi kik sukutum ba.

21/ Turi ma shaida ce. In an tura ta kama nan take ta tafi lafiya, to mai na zuwa, wutar fulogi na nan. Ciwon yana gida na ɗaya. Abin da ke ba ni haushi shi ne turi ya zama sana'a. Direba ya san inda gangare yake a kowane gari, nan yake fakin. Fasinja ma sun saba, da an ce "ku taimaka" sai a sauko ana dariya. A tasha abin dariya ne. A daji da la'asar sakaliya fa?

22/ Mai otomatik kuwa ba shi da wannan gatan, ba a tura ta. Shi in ya ji shiru fitila na haske, ya mayar da giya N ya gwada, ko ya ɗan motsa sandar giyar yana murɗa makulli. In ta tashi a haka, suwic ɗin da ke gaya wa mota tana P ko N ne ya gaji.

23/ Gida na biyu: inji na juyawa da ƙarfi, bai kama ba. Nan batir da kik sun fita daga zargi. Saura mai, wutar fulogi, da sensa. Abu na farko, kashe rediyo, kowa ya yi shiru, murɗa makulli zuwa inda fitilun dashbod ke kamawa ka tsaya. A yawancin motocin injekta za ka ji famfon mai ya yi zuuu daga wajen tanki kamar daƙiƙa biyu. Ka saba da kukan nan ranar lafiya, don ka gane ranar da babu shi.

24/ In babu kukan, kar a ruga sayen famfo. Kafin famfo akwai fiyus, akwai rile, akwai soket. Rile ɗan ƙaramin akwati ne, dalmar cikinsa kan tsage da tsufa, in ya yi zafi tsagar ta buɗe, in ya huce ta rufe. A Golf 3 ku duba mai lamba 167. Tsofaffin Honda Accord, su Halla da Bulldog, an san su da wannan a duniya: a ajiye ta a rana ta ƙi, a buɗe ƙofofi ta sha iska ta tashi.

25/ Famfon kansa kuma mu muke kashe shi. Yana zaune ne a cikin tanki, man da yake turawa shi ke sanyaya shi. Tun da aka cire tallafin mai a ranar 29 ga Mayu 2023, lita ta tashi daga ƙasa da naira 200 ta haura 500 cikin 'yan kwanaki, ta ci gaba da hawa, direba nawa ne ke cika tanki? Lita biyar, lita bakwai, kullum fitilar mai a kunne. Famfo na zafi, yana tsotsar dattin gindin tanki.

26/ Ga man jarka. Ban zargi 'yan bumburutu ba, a ƙauyukan da babu gidan mai su ne suka riƙe mu. Amma jarkar da ta sha rana da ƙura da raɓa ba ta rasa datti da ruwa. Ko a gidajen mai an taɓa gani, a Fabrairun 2022 da aka shigo da fetur mai yawan methanol ƙasar nan, motoci suka yi ta lalacewa. Tsiyayi kaɗan a farar kwalba ka ajiye minti biyar. Ruwa ya fi fetur nauyi, za ka gan shi kwance a ƙasa.

27/ Sai wanda ya fi wahalar da mutane: mota ta yi tafiya ta yi zafi, a kashe, ta ƙi kamawa, a jira rabin awa, ta tashi kamar ba ita ba. Direbobi su ce "hutu take so." Sau da yawa sensar karanshaf ce, wadda ke gaya wa birenbos inji na juyawa. Siririyar waya ce a naɗe a cikinta, in ta yi zafi ta rabu, in ta huce ta haɗu. Birenbos bai ji labari ba, ba zai saki wuta ba, ba zai saki mai ba.

28/ A motoci da yawa alamarta ita ce allurar da ke nuna juyin inji ba ta ko motsi lokacin da kik ke juyawa. A tsofaffin Golf masu distirbuta, 'yar sensar da ke cikin distirbutar kan yi irin wannan halin. Kwayil kuma nasa lokacin daban ne: in jikinsa ya tsage, da safiyar damina ko bayan an ratsa ruwa yake ƙi, rana ta busar da shi ya dawo.

29/ Gida na uku: ta kama ta mutu nan take, ka sake, ta kama ta mutu. A Volkswagen daga tsakiyar shekarun 1990, wannan halin na'urar hana sata ce in ba ta gane makullin ba. Akwai ɗan ƙwayar abu a cikin kan makullin, akwai zobe a bakin gidan makulli da ke karanta shi. Makullin da ya sha faɗuwa, ko wanda aka yanko a kasuwa babu ƙwayar, shi ke kawo haka. In kana da na biyu, gwada shi kafin a taɓa komai.

30/ Kun lura duk abin da na lissafa yana da lokacinsa? Ciwon da muke cewa "ba shi da lokaci" yana da shi, mu ne ba mu rubuta ba.
Safiyar sanyi: batir.
Bayan ta yi zafi: sensa, rile, ko kik.
Bayan ta kwana biyu: satar wuta.
Bayan hanya mai gargada: wani abu ya saki.
Bayan ruwa: kwayil ko soket.
Tanki na ƙasa: famfo ko datti.
Ba hukunci ba ne, inda za a fara dubawa ne.

31/ Don haka direba, ranar da ta ƙi, in wurin da kake lafiya ne, ciro wayarka ka ɗauki bidiyo na daƙiƙa 20. Nuna dashbod, murɗa makulli, bari a ji kukan. Ka faɗi da bakinka ƙarfe nawa, inji da zafi ko da sanyi, mai nawa ne a tanki, a ina ka sha man ƙarshe. Bidiyo uku irin wannan sun fi min awa uku ina kwance ƙarƙashin mota ina jiran ciwo ya zo.

32/ Kuma ka faɗi gaskiya. Ranar wanka ba a ɓoyon cibi. In wani ya taɓa wayarin kafin ni, in an ɗaura waya a madadin fiyus, in an ja wa famfo wuta kai tsaye daga batir, gaya min. Ba faɗa zan yi ba. Wayar da aka sa a gurbin fiyus ita ce ke ƙone mota ƙurmus, domin fiyus an yi shi ne ya mutu a madadin motar.

33/ Wani zai ce a sa mata kwamfuta mana. Kwamfuta na da amfani, amma a san iyakarta. Tsarin da ƙananan na'urorin nan ke karantawa ya zama dole a Amurka daga 1996, a Turai kuwa sai 2001 ga motocin fetur. Golf ɗinmu na Beljiyam da yawa sun riga wannan, ba kowace na'ura ke jin yarensu ba. Kuma kwamfuta ba ta ganin dattin kan batir.

34/ Ko ta ba da lamba, misali P0335, cewa take layin sensar karanshaf na da matsala. Layi ta ce. Yana iya zama sensar, yana iya zama soket ɗinta da ya cika da baƙin mai, ko waya da ta gogi ƙarfe, ko ɓera ya ci. Sannan kar a bari a goge lambobin kafin a rubuta su, kar kuma a zare batir kafin a karanta, don a wasu motocin shaidar na tafiya da shi.

35/ Yanzu inda zan taɓa mu duka. Me ya sa makanike ke saurin cewa a sayo kaya? Ba duka ne rashin sani ba. Mu ne ba ma biyan bincike. In na yi awa biyu ina gwaji na gano kusa ɗaya ce ta saki, na ɗaure, mai mota zai ce, "Haba maigida, ɗan wannan?" ya miƙo kuɗin ruwa. In na ce a sayo kik na ɗaura, zai biya kuɗin aiki ba musu. Wane darasi muke koya wa yaran gareji da wannan?

36/ Ra'ayina: a raba kuɗin bincike da kuɗin ɗaura kaya. A yi ciniki tun farko, ka biya ni in gano, ko da abin da na gano na naira ɗari ne. Ni kuma haƙƙinka a kaina shi ne in nuna maka da idonka, a mita ko a gwaji, kafin ka sayi komai. Tambaya ɗaya za ka yi wa kowane makanike: "Me ka gani da ya nuna shi ne?" Mai gaskiya zai ji daɗin tambayar.

37/ Canke yana da wata illar da ba a lissafawa. Ka cire sensar asali mai lafiya, ka sa wadda aka sayo a Kofar Ruwa ko Sakkwato, ta Beljiyam da ba a san tarihinta ba ko sabuwa mai araha. Yanzu kana da ciwon farko, ga kuma sabon abin zargi. Kuma kowane kaya sai an yi aike, a jira motar da za ta kawo, a kan hanyar nan dai da muke gudu. A canja abu ɗaya a lokaci ɗaya, a ajiye tsohon.

38/ Na san abin da direban haya zai ce: "In na ajiye mota kwana biyu, mi yara za su ci?" Gaskiya ne, ban raina wannan ba. Noma ya yi wuya, gonaki da yawa ba sa shiguwa, motar ce abincin gidan. Amma lissafa man da kake ƙonawa saboda tsoron kashe inji a tasha da shingen jami'an tsaro, da batir ɗin da ka saya ba shi ne ba. Yawancin abin da na lissafa a sama aikin yini ɗaya ne, wani ma na awa ɗaya.

39/ Wani kuma ya ce tsautsayi ba ya wuce ranarsa, ko ya ce an yi wa motar baki ne. Addu'a kam muna yi, wa ke shiga hanyar nan bai yi ba? Amma rayukan mutanen da ke bayanka amana ce, kuma ba su san motar na da wannan halin ba lokacin da suka biya kuɗi. Kai ka sani. Sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga.

40/ Roƙona ga shugabannin NURTW na tashoshin Sabon Birni da Isa da Goronyo da namu na Unguwar Lalle: motar da aka tura ta tashi kar ta yi lodi ran nan. Kafin a fara lodi, direba ya kashe ya tayar sau uku a gaban ɗan kamasho, inji da zafinsa. Kuma kowace tasha ta mallaki mita ɗaya da wayar jan wuta ɗaya daga kuɗin ƙungiya. In ana iya adashin biki, ana iya adashin gyara, don wanda aka tsayar ya samu rance ya dawo layi.

41/ Fasinja, kai ma kana da baki. In ka ga an tura motar da za ka shiga, ko ka ga yaron mota ya shiga ƙarƙashi da sifana yana bugu, kana da damar ka sauko ka jira ta gaba. Za a yi maka tsiya, za a ce ka cika tsoro. Bari a ce.

42/ Abin da ya kamata ya zauna a kowace motar da ke bin hanyar nan: sifana mai lamba 10 da 13, wayar jan wuta, fiyus na ajiya, rile ɗaya irin na famfonka, guntun sanfefa, da tocila. Duka za su shiga leda ɗaya. Kuma kar a zuba fetur a bakin iskar inji ana murɗa makulli, wuta na dawowa ta nan, ta sha ƙone fuskar yaran gareji.

43/ Nan zan tsaya. Mai motar da ke wannan halin, rubuto min a ƙasa: wace mota, a wane gida take cikin ukun nan, kuma da zafi take ƙi ko da sanyi. Zan amsa gwargwadon abin da na sani, makanikai 'yan uwana ku ma ku sa baki. Ku tura wa direban da kuka san kullum a gangare yake fakin. Allah ya ba mu zaman lafiya a ƙasar Gobir, ya kai kowa gida lafiya.